Shekarar da Na Zama Hana-Ruwa

Akwai sunan da aka sa mini a Madabo wanda ba shi aka raɗa mini ranar suna ba, kuma duk kun san shi, ko da yake babu wanda ya taɓa faɗarsa a gabana a cikinku. Hana-Ruwa. Ke Zainabu har kuka kika taɓa yi a kansa, kin dawo daga islamiyya da mayafi a hannu, wai an ce miki 'yar gidan Hana-Ruwa. A ranar na ce miki ki rabu da su, jahilai ne. To, ba jahilai ba ne. Yanzu da ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara yi mini rowa, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya ganin layin takarda. Rabin labarin da kuka ji a waje ya zalunce ni, rabin da na riƙa ba ku a gida kuma ya wanke ni fiye da yadda na cancanta.

Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, ni da baffanku, Yaya Lawan. Ya girme ni da shekara tara, kuma tun ina ƙarami ya zama uba a gare ni. Yana sayar da zare da kayan ɗinki a kasuwar Ƙofar Wambai, shi ya riƙe hannuna ya kai ni boko, shi ya nema mini auren uwarku. A gidanmu akwai doka guda da ba a rubuta ba: magana ba ta fita ƙofa sai babba ya ji. Sunayenku ma, in ban da na Sani, duk sai da na je soronsa na durƙusa na faɗa masa kafin liman ya ji. Da na sami aiki a ofishin kula da kayan tarihi, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce duk wahalar da ya sha a kaina, ashe mai gadin fasassun tukwane ya raina. Amma in baƙo ya zo, da kansa yake cewa, wannan ƙanena ne, ya san abin da ke ƙarƙashin Kano fiye da abin da ke samanta.

Ku da kuka tashi da kurar 'yan garuwa a ƙofar gida kullum safiya, kuna ganin haka duniya take. Yaya bai taɓa yarda da haka ba. Rijiyoyin unguwa sun yi zartsi, wasu sun ƙafe, kuma ya ga yadda mahaifiyarmu ta tsufa tana tattalin ruwan alwala a buta kamar mai tattalin man shanu. Bayan rasuwarta ya ɗauki maganar famfo ya ɗora a kansa. Shekara goma sha ɗaya yana yawon ofis-ofis da wata tsohuwar jakar fata cike da takardu, har masinjoji suka san shi, suna ce masa Alhaji Famfo. Ya sha zaman benci, ya sha a dawo gobe. Ranar da takardar amincewa ta fito, bai ma zo gida ba sai da ya biya kasuwa ya sayi kan famfo na tagulla, ya kira magini ya kafa masa a bangon tsakar gida, alhali ko rami ba a fara tonawa ba. Kullum da safe in ya fito sai ya murɗa shi ya mayar. Matarsa, Inna Asabe, ta tambaye shi amfanin hakan, ya ce don kada ya manta aikinsa kafin ruwan ya iso.

Hanyar da aka zana wa bututun ta bi ta gindin Dala, kuma a nan aikina ya shigo. Tun kafin a gina ganuwa, tun kafin musulunci ya iso ƙasar nan, akwai mutanen da suka zauna a gindin dutsen suna narka tama su fitar da ƙarfe. Saboda su doka ta ce duk wanda zai yi tono kusa da wurin, ko na ruwa ko na wuta, dole wani daga ofishinmu ya tsaya a bakin ramin yana kallon ƙasar da ake fitarwa. In ya ga abin da ya kamata a tsaya a kansa, yana da ikon tsayar da aikin. Shugabanmu ya zaɓe ni don ni ɗan unguwa ne, yana ganin ba za a yi mini gardama ba. Mutanen unguwa su ma suka yi murna don ni ɗan unguwa ne, suna ganin ba zan yi musu gardama ba. Kowa ya yi lissafinsa da ni, ni kuwa na ɗauki cokalin magina da buroshi da littafin rubutu, na sa malafa, na je na tsaya.

Kwana takwas ba abin da katafila ta fitar sai jar ƙasa da tsofaffin ledoji da ƙashin akuya. Mata suna aiko wa leburori kunu da ƙosai. Yaya yana zuwa kullum da hantsi kafin ya wuce kasuwa, ya leƙa ramin, ya tambaye ni ko na tsinci tukunyar zinare. A rana ta tara, wata Alhamis gab da azahar, sai launin ƙasar ya canja. Ta yi baƙi, ga gawayi, ga kashin ƙarfe, wato ragowar da ke zuba in an narka tama. Na ɗaga wa direban hannu, na dira cikin ramin. Da na share da buroshi sai ga bangon yumɓu da wuta ta gasa, a kewaye, tsayinsa ya kai gwiwata. Murhun narka tama ne, a tsaye yadda masu shi suka bar shi, har da bututun yumɓun da ake zuga iska ta cikinsa yana nan a maƙale. A jikin bututun akwai shatin yatsun wanda ya murza shi. Na ɗora yatsuna a kai suka zauna daidai. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, ban taɓa ganin irinsa ba sai a hoto.

Injiniyan ɗan kwangilar ya tsuguna a bakin ramin. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce kawai ta yi masa yawa.

"Malam Habibu," ya ce, "ga shi an kusa kiran salla. Ka je ka yi sallarka a tsanake, ka ɗan yi lazimi, ka ci abinci. Kafin ka dawo mun wuce nan. Ba wanda ya ga komai."

"Ni na gani, Injiniya."

"Damina saura wata guda. In na ɗauke injin nan daga unguwarku, wallahi ban san ranar da zai dawo ba."

"Mako uku ne kawai," na ce masa. "Masana za su zo su auna, su zana, su ɗauke abin da za a ɗauka, ku ci gaba."

Ya girgiza kai ya ce, "Ka fi ni sanin ofishinku."

To, ga wurin da ban taɓa ba ku labarinsa ba. Na hau babur ɗina zan kai rahoto ofis, hanyar kuwa ta ƙofar gidan Yaya ta bi, bai fi taku ɗari biyu daga ramin ba. A wannan lokacin yakan dawo gida sallar azahar. Na ga takalmansa a ƙofar soro. Na rage wuta, ƙafata har ta taɓa ƙasa, sai na sake murɗa babur na wuce. Na gaya wa kaina sauri nake yi kada a tashi daga ofis. Ƙarya ce. Tsoro nake ji kada ya ce in bari, don ban taɓa ce masa a'a ba, kuma ban san yadda ake farawa ba. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan muni. Ina so in ga sunana a kan takardar nan, a ce mai gadin fasassun tukwane ne ya gano. Da yamma ma ban je masa ba. Na ce wa uwarku kaina yana ciwo, a kai kwanona soron Yaya a ce ba zan samu fitowa ba.

Washegari Juma'a takardar tsayar da aiki ta iso. Injiniya ya karanta ta a bakin ramin, gaban mai unguwa da dattawa da duk wanda ya zo wucewa. Yaya yana tsaye cikin farar rigarsa ta Juma'a. Ya ce a ba shi sunan wanda ya yi wannan aiki, shi da kansa zai je ya same shi ko a ina yake, ya roƙe shi.

"Ai ba sai ka yi nisa ba, Alhaji," in ji Injiniya. "Ƙanenka ne ya sa hannu."

Yaya ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai mai son a ce masa an yi kuskuren karatu.

"Habibu, haka ne?"

"Haka ne, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da azahar."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Madalla." Ya tattara rigarsa ya nufi masallaci, mutane suka buɗa masa hanya.

A ranar Litinin aka ɗora katafila a kan babbar mota aka tafi da ita wani aikin. Ni kuwa na rufe murhun da tamfol, na danne gefensa da duwatsu, na kafa kujera a bakin ramin ina jiran masana. Mako uku ya wuce. Duk ranar da na je ofis sai a ce takardar tana kan tebur ɗin wane, wane kuma ya yi tafiya. Na ɗanɗani irin zaman bencin da Yaya ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi, ni da ban kai wata biyu ba har na fara yi wa masinjoji tsawa. Kunu da ƙosai suka daina zuwa. Matan da ke wucewa da bokiti a ka suna gaishe ni da sannu da aiki, da irin muryar da gara zagi da ita. A nan ne sunan ya fito, ban san bakin wa ya fara faɗarsa ba.

Ruwan farko na wannan shekarar da la'asar ya zo, kuma ya zo da ƙarfi. Ni da na yi karatun ƙasa, ban yi tunanin abin da kowace tsohuwa a unguwar ta sani ba, cewa duk ruwan da ya sauka a kan Dala ta wannan gangaren yake bi. Ramin da muka bari a buɗe ya zama kwata. Na fito a guje ba ko hula, na tarar ruwa ya ɗaga tamfol ɗin ya yi gaba da shi. Na shiga ramin ruwa har cinyata, ina tare da hannu, ina tare da riga, kamar mahaukaci. Yumɓun da ya yi ɗaruruwan shekaru a rufe cikin ƙasa lafiya lau ya riƙa narkewa a tafin hannuna. Kafin magariba babu murhu. Abin da na fito da shi dunƙulen kashin ƙarfe guda ne da guntun bututun nan, shi ma ba ɓangaren da ke da shatin yatsu ba. Da katafilar ta bi ta kansa ma da an sami ruwa. Ni na tone shi na ba damina, aka tashi ba tsuntsu ba tarko. Bayan kwana biyu mai unguwa ya sa aka cike ramin don akuyar wani ta faɗa ciki. Wa'adin kwangila ya ƙare, gwamnati ta canja, wata rana aka zo aka kwashe bututan da aka jibge a bakin hanya.

Yaya mutum ne mai karatu, ya san bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma bai ƙaurace mini ba. Kullum in mun haɗu a masallaci shi yake fara yi mini sallama. Ya tambayi kwanan iyali, in ce lafiya, ya ce madalla, ya wuce. Shekara bakwai iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan. Ya zo sunan ƙaninku Sani, ya zauna inda baƙi ke zama. Kun san al'adar ciyayya, yadda bayan magariba magidantan layinmu kowa yake fito da kwanonsa a haɗu a soron Yaya a ci tare. Na ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Ba wanda ya kore ni, sai dai hira takan mutu in na shigo, kuma kwanona yana komawa gida kusan yadda ya fito. Miyar uwarku kuwa kun san ba a barin ta don rashin daɗi. Daga baya na riƙa cin abincina a ɗaki. Na yi kewar tsokanarsa fiye da yadda zan iya rubutawa. Da zai sake ce mini mai gadin fasassun tukwane sau ɗaya, da na yi sadaka.

Uwarku, Allah ya jiƙanta, ta fi ni hankali, ko da yake ban taɓa gaya mata ba don kada kanta ya kumbura. Wata rana tana tace ruwan garuwa da ƙyalle ta ce mini, "Malam, ka je ka ba Yaya haƙuri mana."

"Haƙurin me? Aikina na yi. Doka ce."

"Ni ban ce ba aikinka ka yi ba."

"To, me kike cewa?"

"Ka sani," ta ce, ta ci gaba da tacewa.

Na sani kuwa. Amma na riga na gina wa kaina ɗaki da kalmar doka na shige ciki, ina ganin in na ba shi haƙuri kamar na yarda murhun ba shi da daraja ne. Har yau ban yarda da haka ba. In da za a mayar da ni bakin ramin nan, zan sake ɗaga wa direban hannu. Mutanen da suka murza yumɓun nan su ne farkon garin nan, kuma ba daidai ba ne a bi ta kansu da inji kamar ba a taɓa yin su ba. Wannan ban yi nadamarsa ba, kada wani ya gaya muku na yi.

A shekara ta bakwai ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Wata safiya da hantsi Inna Asabe ta zo da kanta har tsakar gidanmu ta ce yana kirana. Na same shi a soro a kan katifa, ya rame har na so in kasa gane shi. Ya nuna mini buzun da ke gefensa na zauna.

"Habibu," ya ce, "ranar Alhamis ɗin nan na ji ƙarar babur ɗinka."

Na sunkuyar da kai.

"Na ji ka rage wuta. Har na jawo maka buzun nan na gyara. Sai na ji ka wuce."

"Yaya, tsoro na ji kada ka ce in bari."

"Ni?" Ya yi ƙoƙarin dariya tari ya hana shi. "Kakanmu na wajen uwa maƙeri ne, ka manta? Ka ɗauka kai kaɗai ka san darajar abin da ka gani? Da ka shigo, da a ranar na tara maka majiya ƙarfi da diga da shebur, mu kauce wa abinka da taku goma ta bayan gidan mai unguwa, mu tona da hannu. Injiniya ma da ya gode mana. Da kwanon rufin soron nan na cire na rufa maka shi, mu yi masa magudana, har masanan naka su zo ko kada su zo. Amma ka kai ni gaban takarda. Ita kuwa takarda ba ta da yaya."

Na durƙusa na kama ƙafarsa, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun tuni, shi ma yana neman gafarata, don girman kai gadonmu ne mu biyu, ba wanda ya bar wa wani. Ya dafa kaina ya ce in tashi, mai gadin fasassun tukwane ba ya kuka. Sannan ya ce in lokaci ya yi ni zan yi masa wanka, kada in bar wa kowa.

Kwana goma sha biyu muka samu. Kullum ina wurinsa daga safe har yamma, kwanona ya koma soronsa, ko da yake shi ba ya iya cin komai sai ɗan kunu. Ya cika ranar Talata da walaha. Da muka zo shirya shi sai aka tarar randunan gidan ba su da ruwan da zai isa, saboda masu zuwa dubiya. Aka tsayar da wani mai garuwa a bakin layi, ya turo kurarsa har ƙofar gida. Da ya ji ko na wane ne, ya ƙi karɓar komai, ya ce sadaka ce ga Alhaji Famfo. Ya shigo da jarka uku tsakar gida, ya jera su a jikin bango, daidai ƙarƙashin kan famfon tagullan nan, don nan ne inuwa take. Inna Asabe ta gaya mini daga baya cewa har ranar da ciwo ya kayar da shi bai fasa murɗa shi da safe ba.

Da wannan ruwan na wanke yayana. Ina zubawa a hankali, ina tattalawa yadda mahaifiyarmu take yi, don kada ya ƙare kafin in gama.

Bayan sadakar bakwai Inna Asabe ta sa aka cire kan famfon ta aiko mini da shi a ƙunshe, ta ce shi ya ce a ba ni. Yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, a tsumma ɗaya da kashin ƙarfen nan da guntun bututun. Kai Aminu, kai ne babba, kai za ka buɗe. Kada ku kai su gidan tarihi, kada kuma ku raba su. In wani ya sake kiran ku 'ya'yan Hana-Ruwa, kada ku yi faɗa, ku amsa. Sai dai ku gaya masa ba a bakin rami ubanku ya hana ruwan ba, a ƙofar soron yayansa ne, inda ya ga takalma ya wuce.